Ruwan Lemun Matar Auta

A unguwarmu ta Konni, in za a yi suna ko walima a lokacin zafi, ni ake aiko wa da lemun tsami. Shekara da shekaru haka abin yake. Ina matse lemun da hannuna, in daka na'ana'a da ɗanyar citta in tace, in zuba sikari daidai, in ɗura a bido, wato jarka, in jera a firigo. Ina yin na soɓo, ina yin na tsamiya, amma na lemu shi ne aka san ni da shi. Malaman lakwal, makarantar bokon da nake koyarwa, har tsokanata suke yi, wai in ajiye alli in kama sana'a. Nakan yi dariya in ce su ƙyale ni, amma a raina daɗi nake ji.

Ba a gidanmu na koya ba. Ni ce ɗiyar fari a wurin Inna, kuma ina shekara bakwai gwaggona ta ɗauke ni daga ƙauyenmu na ƙasar Tajaye ta kawo ni Konni aka sa ni lakwal. A hannunta na koyi girki da duk wani aikin mata. Gida sai babban hutu, da damina, lokacin da kowa ke gona. Inna kuwa mace ce mai riƙon kunya irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son magana da ni sai ta dubi gefe ta ce, "A ce ma mutanen Konni su taho ga tuwo," ko da ni kaɗai ce a tsakar gidan. Na tashi na ga haka ake yi wa 'ya'yan fari, ban ɗauke shi komai ba, sai bazarar da ta kwanta ciwo.

A lokacin Baba ya daɗe da rasuwa, ƙannena mata suna gidajen aurensu a garuruwa daban-daban. Autanmu shi ya riƙe gidan, shi ma ya tafi cirani sai faɗuwar ruwa zai dawo. Saura Inna da matarsa, wata doguwar yarinya 'yar wajen Bazaga, mai 'ya'ya biyu, wadda ban san ta sosai ba. Tsakanina da ita gaisuwa ce da tsaraba. Ita ta kira ni a waya wata safiya.

"Yaya, Inna ba ta jin daɗi," in ji ta. "Mun kai ta likita, an ba ta magani, masassarar ta sauka. Amma ba ta cin komi. An ce a dage mata da abin sha, kada zafin ga ya busar da ita."

Da na ji maganar abin sha, Allah ya sani, ban da tsoron da ya kama ni har wani ɗan farin ciki na ji. Ga abin da na iya, ga uwata tana bukatarsa. Na nemi izini a wurin aiki aka ba ni mako biyu. Na shiga kasuwa na zaɓo lemu ɗaya bayan ɗaya, masu santsin baya da ruwa, na sayi sikari da citta, na tsinko na'ana'a a garkar maƙwabcinmu. Na cika kula da ƙanƙara, na naɗe ta da buhu biyu na ɗaure da igiya. A mota ban yarda an ɗora ta sama ba, a kan cinyata na riƙe ta har muka wuce Tsarnawa, har inda ake barin kwalta. Daga nan ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni a babur, rana tana dukan tsakiyar kaina, ni kuwa tunanina ɗaya, kada ƙanƙarar ta narke kafin in isa.

Tun daga zaure na ji muryar Inna. Sunan matar auta take kira, kai tsaye, da ƙarfi, kamar yadda ake kiran ɗan da aka haifa. Na leƙa ɗakin na tarar da ita kwance a tabarma ta rame, ƙafafunta a kan cinyar yarinyar, tana matsa mata su. Ban san abin da yarinyar ta faɗa ba, na dai ga Inna tana dariya har tana tari, tana dukanta da mafici tana cewa, "Ke dai ba ki da kunya!" Da na yi sallama, Inna ta janye ƙafafunta, ta gyara lulluɓi, ta mai da fuska bango.

"Mutanen Konni sun iso? An sha rana," ta ce.

Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a gajarce yadda ta saba. Ban ko huta ba na fita na kwance kaya. Ƙanƙarar ta narke rabi, amma saura ya isa. Na wanke hannu, na yanka lemu, na daka na'ana'a a ƙaramin turmi, na tace sau biyu. Na ɗanɗana na ji ya yi yadda nake so, tsami da zaƙi ba wanda ya danne wani. Na zuba a kofin gilashi da na zo da shi takanas, ƙanƙara tana ƙara a ciki, na kai mata da hannu biyu.

Ta karɓa ba ta dube ni ba. Ta kai baki ta kurɓa sau ɗaya, ta runtse ido, ta ajiye a gefen tabarma.

"An gode. Allah shi yi albarka. Sanyi nai ya yi yawa, haƙorana ba su ɗauka."

Na ce bari in cire ƙanƙarar. Ta ce a bar shi tukuna. Na zauna a bakin ƙofa ina kallon kofin yana zufa har ya jiƙa tabarma. Can na tashi na fita in wanke turmi, ina fita na ji ta kira matar auta ta ce, "Ina wancan naki?" Yarinyar ta wuce ni ta nufi gindin itacen bedi, wato darbejiya, da ke tsakar gida, ta yaye wani jiƙaƙƙen buhu, ga ɗan tulu an binne rabinsa a cikin yashi mai laima. Ta tsiyaya wani abu mai duhu-duhu a ƙaramar ƙwarya ta shiga da shi. Daga inda nake tsugune ina jin ƙarar ludayi. Da ta fito ƙwaryar ba komai a ciki.

Na ce a raina gajiya ce da rashin sabo, gobe za ta sha nawa. Sauran abin da na haɗa na raba wa matan maƙwabta da suka shigo yi mini barka da zuwa. Suka sha suna santi, wata tsohuwa ta ce ita tun da take ba ta taɓa shan abu mai daɗin wannan ba, wata ta roƙi guntun ƙanƙara ta ƙulle a bakin zane za ta kai wa jikanta. Na yi ta murmushi ina cewa ba komai. Yabon bai shige ni ba ko kaɗan, don ba su na ɗauko wa kula tun daga Konni ba.

Washegari na tashi da asuba na zauna da tazbaha a inda zan ga abin da matar auta ke yi, ba tare da na nuna kallonta nake ba. Ta jiƙa tsamiya a ƙwarya. Ta ɗebi garwashi kaɗan a kasko, ta barbaɗa wasu 'yan saiwoyi masu ƙamshi da ake kira gajiji, ta kifa tulun a kai hayaƙi ya cika shi. Ta daka busasshiyar citta da kanumfari uku ko huɗu. Ta ɗauki lemu biyu, ƙanana, masu taurin baya, irin waɗanda ni ko kyauta ba zan karɓa ba a kasuwa, ta mulmula su da tafin hannu a bayan turmi, ta yanka ta matsa a hankali ba ta kai ƙarshe ba ta yar. Ta dama ɗan garin gero da ruwa ta tace farin ruwan a ciki, ta sa sikari da ɗan yatsa uku, ta ƙara gishiri kamar ƙwayar dawa. Ba ta auna komai ba, ba ta ko ɗanɗana ba. Ta juye a tulu, ta mai da shi cikin yashi, ta yayyafa ruwa, ta rufe da buhu.

Na kasa haƙuri na ce, "A Bazaga haka kuke yin shi?"

Ta yi dariya. "A'a Yaya, mu can mi munka sani ban da hura? Inna ta gwada min, shekarar da anka kawo ni. Ta ce haka uwarta ka yi ma masu azumi. Sau nawa ta zubar da nawa ta ce in sake! Wai ina matse lemu awa mai faɗa da shi, ɗacin ɓawon shina shiga."

Ta faɗa ne da zuciya ɗaya, ta ci gaba da shara. Kakata ke nan ake magana a kanta, wadda aka ce ni na ɗauko kamarta, har tsagar haƙori. Ban taɓa jin tana da wani abin sha nata ba. Shekara arba'in da 'yan kai ina zuwa gidan nan, Inna ba ta taɓa zaunar da ni ta gwada mini ko yadda ake jiƙa tsamiya ba, ba ta taɓa zubar da abin da na yi ta ce in sake ba. Duk abin da na dafa sai ta ce an gode, Allah shi yi albarka. A da ina jin daɗin hakan, ina ganin girmamawa ce. Ranar nan na fara ganin godiyar baƙo ce ake yi mini.

Kwana uku ina gwadawa. Na bar ƙanƙara, da ma ta ƙare. Na bar kofin gilashi na ɗauki ƙwarya. Na cire na'ana'a. Na aro tulu a maƙwabta na turara shi da gajijin da na saya da kaina, don ban so in roƙi nata. Na mulmula lemu a bayan turmi kamar yadda na ga ta yi. Abin da ban yi ba shi ne in tambaye ta. Sau biyu ta matso ta ce, "Yaya, in taya ki?" na ce ta je ta ji da yaranta. Kowace rana Inna takan kurɓa sau biyu, in an yi sa'a sau uku, ta ajiye ta yi godiya. In na fita sai in ji an kira sunan nan.

Na fara ganin laifin yarinyar a komai. In ta yi dariya in ce ta cika surutu a kan mara lafiya. In ta yi shiru in ce fushi take da zuwana. Yadda take shiga ɗakin Inna ba sallama, ta ɗaga matashi ta ɗauko goro, ta san inda allura take, ta san wane zane Inna ke so bayan wanka, duk suna sosa mini rai. Wata rana na kawo ruwan alwala, kafin in ajiye ta ce, "Yaya, ba wannan butar ba, waccan mai tsagaggen baki ta ka so." Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya fi ciwo.

A rana ta huɗu na yi abin da har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Da hantsi matar auta ta tafi rijiya. Inna tana gyangyaɗi. Na je gindin bedi na yaye buhun, na tsiyayi nata a ƙwaryata har ta kusa cika, na mai da komai yadda yake. Na ɗanɗana. Ba zan yi ƙarya ba, yana da daɗi, sanyinsa mai laushi ne ba ya sarar haƙori, ƙamshin hayaƙin yana tsayawa a maƙogwaro. Amma ban ga abin da ya fi nawa da shi ba. Na shiga na tashi Inna.

"Inna, ga wanda na yi yau."

Ta tashi zaune da ƙyar, ta karɓa, ta ɗebo ludayi ɗaya ta sha, ta ƙara na biyu. Ina tsugune ina kallonta. Ta ajiye ludayin.

"Ya yi. Amma da saura. A tambayi yarinyar ga ta gwada muku."

Na ɗauki ƙwaryar na fito. Da a ce ta shanye, da na san a haɗin ne na gaza, abin da ake koyo. To ga shi nata ne, daga tulunta, amma da ya biyo ta hannuna ya zama da saura. Bayan azahar matar auta ta je ɗebowa. Na ga ta tsaya ta leƙa cikin tulun, ta jijjiga shi, ta ɗago ta dube ni sau ɗaya. Ta tsiyaye ragowar ta kai, aka shanye tas.

Da la'asar mata suka zo duba Inna, su biyar ko shida, aka shimfiɗa tabarma a inuwa aka fito da ita ta sha iska. Wata ƙanwar Baba ta dubi matar auta tana gyara wa Inna matashi ta ce, "Kai, wagga yarinya Allah shi biya ta. Ko ɗiyar cikinki iyaka ke nan." Sauran suka ce wallahi kuwa. Inna ta ce, "Ai ita ta riƙe ni." Ina zaune a wurin, tazarar hannu ɗaya.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na yi magana da muryar da nake yi wa 'yan aji. Na ce riƙo yana da kyau, amma a riƙa kula da tsabta. Na ce ruwan rijiya ne ake ba mara lafiya ba a tafasa ba, a tulun da ba a san ranar da aka wanke cikinsa ba, a ƙasa inda awaki ke yawo. Na ce ba mamaki shi ya sa ciwon ya ƙi tafiya, ana ba da magani ta nan ana zuba cuta ta can.

Na sani sarai tana wanke tulun kowace safiya, da idona na gani. Na kuma san Inna sauƙi take samu. Matar auta ta sunkuyar da kai, ta ce, "To, Yaya," ta tashi ta shige ɗakinta. Inna ta jawo lulluɓi ta rufe rabin fuska. Baƙin suka fara neman takalmansu.

Washegari ba a jiƙa tsamiya ba. Matar auta ta yi shara, ta yi daka, ta kai wa Inna ruwan wanka, amma ba ta je gindin bedi ba. Tulun yana kife a kan danga. Na ce to, yau fili nawa ne. Na tafasa ruwa na bar shi ya huce, na haɗa da duk iyawata, na kai. Kurɓa ɗaya. Da hantsi na sake kaiwa, ta girgiza kai. Ranar kuwa an yi zafin da ko kaji sun buɗe baki sun lafe a gindin randa, iska in ta taso kamar daga bakin murhu. Inna ba ta kira sunan kowa ba. Da azahar na taɓa hannunta na ji fatar ta bushe, leɓɓanta sun tsage, da ta yi magana harshenta yana manne wa. Ta ce ba ta jin ƙishirwa. A nan tsoro ya kama ni sosai. Na ga tsohuwa za ta galabaita a gabana saboda bakina.

Na tarar da matar auta a bayan rumbu tana tsince wake a faifai. Na tsaya a kanta na rasa ta inda zan fara. Ta matsa mini a kan tabarma na zauna.

"Inna ba ta sha komi ba tun safe," na ce.

"Na sani, Yaya."

"Ki tashi ki haɗa mata."

"Kin ce shi ka sa mata ciwo. Gaban mutane kinka ce. In wani abu ya same ta, mi za a ce da ni a garin ga? Ni baƙuwa ta, ke kuwa ke ta haifa."

Ba ta ɗaga murya ba, hannunta bai bar tsintar wake ba, amma hawaye na sauka a kan faifan. Na ce mata abin da na faɗa ba gaskiya ba ne, kuma na san ba gaskiya ba ne tun lokacin da nake faɗa. Na ce ta yafe mini. Maganar ta yi mini nauyi a baki, don ban saba ba wa na ƙasa da ni haƙuri ba. Sai na ji kaina ina ci gaba, na ce jiya nata na ɗiba na kai, aka ce da saura.

"Na gani," ta ce. Ta share ido da bakin zane. "Yaya, in tambaye ki. Tun da kike, kin taɓa ganin Inna ta ci abinci ta ƙoshi gabanki?"

Na tuna duk hutun da na yi a gidan nan. Kullum sai a zuba mini nawa a kai mini ɗaki, ita ta ci daga baya. Ban iya tuna ko sau ɗaya da na ga ta gama cin wani abu ba.

"Ke kina kai mata ki tsuguna kina kallon bakinta," in ji ta. "Ba ta iyawa. Ko kunun da ni ka damawa, in kina ɗakin ba ta sha. Ki aje ki hita, ki gani."

"To don mi za ta ce da saura?"

"Mi za ta ce? Ta ce ki tashi ki ba ta wuri?"

Muka tashi tare. Ba lokacin jiƙa tsamiya, sai muka ɗauki nawa na safe da ke cikin tulun aro, ta ƙara masa ɗan gishiri da ruwan gero. Ta miƙo mini ƙwaryar. Na shiga na ajiye a gaban Inna, na ce zan je maƙwabta in dawo, na fito na ja labule. Ban je ko'ina ba. Na zagaya ta bayan ɗakin inda akwai 'yar taga, na tsaya a rana ina leƙe kamar ɓarauniya. Inna ta daɗe tana kallon ƙofa. Sannan ta jawo ƙwaryar, ta ajiye ludayin gefe, ta ɗaga da hannu biyu ta kafa kai. Ina ganin maƙogwaronta yana motsi. Ba ta sauke ba sai da ta shanye, ta sa yatsa ta lakato abin da ya kwanta a ƙasa ta lashe. Ta yi hamdala. Sai ta ɗaga murya ta kira matar auta ta zo ta ɗauke ƙwarya.

Na yi zaton in na ga haka zuciyata za ta yi sanyi. Ta yi, amma ba duka ba. Na jingina da bangon da ya ɗau zafi na yi kuka, rabi don ta sha, rabi don wani abu daban. Ina jin su ta taga. Yarinyar ta ce, "Ashe kina da wurin zubawa, tun safe kina ja mana rai," Inna ta ce, "Tahi can, ja'ira." Wannan nake so. Ina so a ce mini ja'ira, a dake ni da mafici, a zubar da abin da na yi a ce in sake. An ba ni girma tun ina ƙarama, girman da ba a ko iya shan ruwa a gabana, ita kuwa da aka kawo daga wani gari an ba ta sauran duka.

Da la'asar na bi gidajen matan nan ɗaya bayan ɗaya, har gidan ƙanwar Baba, na ce maganar da na yi jiya kuskure ce, yarinyar ta fi ni tsabta. Ƙanwar Baba ta dube ni ta ce, "Mun sani. Zafi na, shina sa mutum faɗin abin da ba shi nufi." Na bar ta a kan zafi.

Sauran kwanakin muka raba aikin. Ita take haɗa na safe, ni na rana. Na yarda ta gwada mini, ta riƙe hannuna ta nuna mini inda ake tsayawa da matsar lemu. Ni ma na gwada mata na soɓo da na'ana'a, yaranta suka so shi. Kullum in na kai sai in ajiye in fita, in dawo in tarar da ƙwarya a wanke. Inna ta fara cin tuwo, ta fara fita tsakar gida da sanda. Ran da zan koma ta ce wa bango, "A gaida mutanen gida. An sha wahala." Na ce ba komai, Allah ya ƙara sauƙi.

Ta ƙara shekara uku a duniya. Ina zuwa duk lokacin da na samu dama, fiye da da. Tsakanina da matar auta sai alheri, ta zama ƙanwa a wurina, duk wata shawara ta gida da ita nake yi. Amma ba zan ce abin ya fita daga raina ba. Ko a waya, in na kira ta na ji muryar Inna a bayanta tana yi mata faɗa a kan an bar akuya ta shiga madafa, sai in yi sauri in gama gaisuwa.

Rasuwar ta zo da kaka, ana cikin yankan gero, ba wata doguwar jinya. Ina cikin aji aka kira ni, kafin in isa an kai ta. A zaman makoki ni aka sa a gaba, duk wadda ta shigo ni take fara yi wa gaisuwa, don ni ce babba. In ta gama sai ta juya wurin matar auta ta rage murya ta ce, "Yaya anka yi? Mi ta ce?" Ita kuwa sai ta faɗa: yadda Inna ta tashi lafiya ta yi salla, ta ce kanta na sarawa, ta ce a shimfiɗa mata a inuwa, ta ɗora kai a cinyarta, abin da ta ce a gaya wa auta game da gonar fadama, da yadda ta yi shahada. Ina zaune a gefenta ina saurare tare da baƙi. Bayan an watse ni ma na tambaye ta. A kwana bakwai na zaman makokin sau uku ina sa ta ta maimaita mini, kowane karo ta faro daga farko, ba ta taɓa nuna ta gaji ba.